Rufina a Kan Ƙasar Matata

Asabar, bayan la'asar

Matan gidan nan sun gama rabon zannuwan marigayiya matata Lukiya. Ban fito ba, ta taga nake jin su. Ƙanwarta ta ɗauki shuɗin da na kawo mata daga Joni, birnin ci-rani can kudu, wata ta ce ai bai dace da baƙar fatarta ba, suka bushe da dariya, sai suka tuna ina ciki suka yi tsit. Tukwane da turmi sun koma wajen 'yarmu Sigele, ita kaɗai ce ta rayu mana. Ba wanda ya tambaye ni, kuma dama ba a tambayar miji a irin wannan.

Saura ni. Ni ne kayan da ba a raba ba tukuna.

Shekara talatin da ɗoriya ke nan da na shigo garin nan da akwatin kafinta a kaina, na zama mkamwini, mijin da ya bi matarsa garinsu, kamar yadda ubana ya bi uwata. Aka nuna mana fili a ƙasar kakarta. Na yi bukka, daga baya na ƙona bulo na tayar da ɗaki uku, na tafi Joni na sha wuyar da ba ta faɗuwa, na dawo da kwano na rufe da hannuna. A lokacin duk layin nan ba mai kwano sai Lukiya, kuma ba ta bari kowa ya manta da haka ba.

Tun da aka kai ta makabarta bayan itatuwan can, gaisuwar mutane ta canja. Ba su daina ba, ƙara ta ma suka yi, irin wadda ake yi wa baƙon da ake so a san ranar tafiyarsa. Ranar sadakar arba'in za a yi kusudzula, a kwance ni daga auren, a ce an gode, in koma garin uwata can bayan Namwera. Wani lokaci 'ya'ya sukan tashi su roƙa a bar musu ubansu. Wani lokaci ba sa tashi.

Lahadi, da hantsi

Zafi. Ba wanda ya ce komai.

Litinin, bayan azahar

Sigele ta kawo tuwon masara da ƙananan kifin nan usipa, ta durƙusa a bakin ƙofa ta ajiye.

"Baba, ga abinci."

"Ki shigo mana, ko gidan ya fara cizo?"

"Na bar tukunya a wuta."

Kullum akwai tukunya a wuta. Yarinyar da na goya a wuyana har kasuwar Ntaja, yanzu idona ba ta iya kallo. Kifin ya yi gishiri da yawa, na cinye shi haka nan don kada a ce tsoho ya fara tsirfa.

Daga nan ina hango bukkarsu a ƙarshen fili, ita da mijinta Twaibu da yaransu uku. Bukkata ce ta farko, ciyawar kanta ta yi baƙi ta lotsa a tsakiya. Twaibu tumatir yake sarowa ya kai bakin titi a keke. Shekararsa tara a garin nan, ko tubali ɗaya bai ɗora a kan wani ba. In ya gan ni sai ya sauka daga keke tun daga nesa yana murza hannu. Ban san me ya sa ladabinsa yake ƙona min rai ba, amma yana ƙona min.

Laraba, da yamma

Che Mdoka ya zo, wan Lukiya. Shi ne mai riƙe da matan zuri'arsu, duk abin da za a yanke a kaina daga bakinsa zai fito. Alamu, wato suruki, muke kiran juna, kuma tun muna samari ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ba.

"Alamu, ashe kana nan da ranka? Na ɗauka yunwa ta gama da kai, tunda ko ruwan zafi ba ka iya dafawa ba."

"Ina nan. Sai na ƙara wa makarar masallaci katako tukuna, ta yanzu ba za ta iya da cikinka ba."

Ya yi dariya, muka zauna gindin mangwaro. Ya yi zancen taki, ya yi zancen ƙafarsa, ya yi zancen ɓarayin awaki. Na bar shi ya gama zagaye.

"Ka san yadda abin yake," in ji shi daga ƙarshe. "Ƙasa ta mata ce. Daga kaka zuwa uwa, daga uwa zuwa Lukiya, yanzu Sigele. Ni mai gadi ne kawai. Amma abin da yake naka, naka ne. Kwano, ƙofofi, tagogi, kayan aikinka. Mu ba ma cin gumin mutum."

"Bangon fa?"

"Alamu, da ƙasar wa ka yi bulon?"

 Na tambaye shi ko Sigele ta yi masa wata magana a kaina. Ya kalli mangwaron da bai nuna ba, ya ce bana kamar zai yi 'ya'ya sosai.

Alhamis, bayan asuba

Na kwana a falo, kan benci. Ɗakin can, na kwananmu, ban buɗe shi ba tukuna.

Juma'a, bayan masallaci

Na tsare Shehe a bakin rijiya kafin ya hau kekensa. Na ce masa ina da tambaya ta addini: mace ta rasu ta bar miji da 'ya, me miji yake da shi?

"Rubu'i," ya ce, ko tunani bai yi ba.

"To a ba ni rubu'ina."

"Rubu'in me, Che Likwanya? Abin da mamaci ya mallaka ake rabawa. Zannuwa, tukwane, kaji in akwai. Ƙasar ba tata ba ce ita kaɗai, riƙo aka ba ta kamar yadda aka ba uwarta. Kana son rubu'in zannuwa?"

Na ce ban zo wasa ba. Ya sauke ƙafarsa daga feda, ya rage murya.

"Ni ma da ka gan ni, a ƙasar matata na gina. In na idar da salla, ita nake fara roƙa wa tsawon rai kafin in roƙa wa kaina. Ta ɗauka tsabar ƙauna ce."

Na so in yi dariya, ba ta zo ba. Ya ce in yi haƙuri. Haƙuri dai, haƙuri dai, kowa shi yake miƙo min kamar goro, kuma ba wanda ya ce ga inda zan ajiye shi.

Lahadi, da azahar

Jafali ya iso a babur, ɗan yayata Asiyatu. A al'ada shi ne magajina, ba Sigele ba, kuma ya san da haka tun kafin ya san karatu. Ya durƙusa ya yi ta'aziyya, har da ɗan hawaye. Hawayen bai bushe ba na ga ya ɗaga kai sama.

"Kawu, wannan na Joni ne ko? Mai kaurin nan. Yanzu ba a samun irinsa."

"Ta'aziyyar kwano ka zo yi?"

"Haba Kawu. Inna ce ta aiko ni. Ta ce a gaya maka gida yana jiranka, kai ne babbanmu. Har mun tayar maka da bango, rufi kawai ya rage."

Na tambaye shi a ina aka tayar da bangon. Ya ce bakin hanya. Na ce ɗakin tsoho a bakin hanya, da babbar taga ko? Ya sosa ƙeya, ya ce ai gaba ne kawai za a ɗan sa kaya, ni ina daga baya. Wato kantinsa ne yake jiran rufi, ni kuma mai gadi.

Da zai tafi ya ce, "Kawu, kada ka ji haushina. Amma ka shekara talatin kana yi wa wasu mutane gini. In ka dawo da akwatin zarto kaɗai, Inna ba za ta iya ɗaga kai a gari ba. Mu ma muna da haƙƙi a guminka."

Gaskiya ce, shi ya sa ta yi min ciwo. Rabona da garin can tun jana'izar uwata. Waɗanda na sani sun tafi, waɗanda suke nan ba su san ni ba sai a suna. Tsoron komawa nake ji, na rubuta shi a fili, tunda ba mai gani.

Talata, bayan magariba

Na je Liwonde, ofishin masu ba da shawara kan shari'a kyauta. Ban gaya wa kowa ba, na ce katako zan duba.

Benci cike da mata, duk zawarawa, ni kaɗai ne namiji. Wata mai goyo ta ƙare min kallo ta ce, "Baba, kai ma dangin miji ne suka kwashe maka kaya?" Suka kwashe da dariya. Na ce mata a'a, ni ne kayan. Sai ta matsa min na zauna.

Yarinyar da ta saurare ni ba ta kai Sigele ba. Ta tambaya ko matata ta bar wasiyya, na ce a garinmu mace ba ta rubuta abin da kowa ya sani. Ta tambaya ko filin yana da takarda, na ce takardarsa ita ce kabarin kakarta.

"Za su iya fitar da ni?" na tambaye ta.

"Doka ba ta son a jefar da miji ko mata waje don an yi rasuwa. Kai ka gina, kana da abin faɗa. Filin gargajiya ne, shi ne wahalar, amma kana iya kai ƙara."

"Ƙarar wa?"

"Wanda yake son fitar da kai."

"Wan matata ke nan, da 'yata."

Ta ajiye biro. 

Na ce to in na mutu, wa zai ci kwanon? Ta ce a doka 'yata, a gari kuwa wanda ya riga zuwa da guduma, sai fa in na rubuta. Daga nan ta yi min bayani a hankali kamar mai koya wa yaro alwala. Wasiyya sai bayan raina take aiki, kafin nan ginin yana hannuna, kuma da shi zan iya zama da dangin matata mu daidaita. Kyauta kuwa, da na furta ta gaban shaidu ta fita hannuna. In kyautar zan yi, in ɗaura mata sharaɗi a rubuce cewa zan zauna a ciki har ƙarshen raina.

"Ka dawo Talata mai zuwa da shaidu biyu waɗanda ba su da rabo a ciki. Kafin nan kada ka yi wa kowa alkawari da baki, musamman in ranka a ɓace yake."

"Na yi miki kama da mai ɓacin rai?"

"Ka yi, Baba."

Laraba, da hantsi

Shaidu biyu. Na zauna ina lissafa mazan garin nan. Ko dai dangin Lukiya ne, ko kuma irina ne, mazajen da aka aro, waɗanda in matansu suka ji sun bi ni Liwonde ba za su ci tuwon dare ba. Na gwada Shehe, ya ce Talata yana da ɗaurin aure. Ban san ana ɗaura aure ranar Talata a garin nan ba.

Alhamis, bayan la'asar

Yau ban bar ta ta gudu ba. Da ta ajiye kwanon abinci na ce, "Tukunyar ta ƙone. Zauna."

Ta zauna a dokin ƙofa, rabinta a waje.

"Ranar arba'in kawunki zai tambaya ko 'ya'ya suna da magana. Me za ki ce?"

"Baba, ni ban ce ka tafi ba."

"Ba ki ce in zauna ba."

Ta daɗe tana jan zaren bakin zanenta. Da ta yi magana, muryar uwarta na ji, irin ta ranar da aka ƙure ta.

"Damina ta kusa. Bara a tsaye muka riƙa kwana, muna riƙe da yara, ruwa yana zuba ta ko'ina. Ƙaramar har yau tarin bai sake ta ba. Ku biyu kuna da ɗaki uku."

"Kin tambaya an hana ki?"

"Twaibu ya tambaya. Ka ce masa da gumi ake kwana a ƙarƙashin kwano."

Na faɗa, kuma a lokacin daidai na gani. Ni ba wanda ya ba ni ko ƙusa. Na fara gaya mata haka, sai ta katse ni, abin da ba ta taɓa yi ba.

"A asibiti ma, Mama ta yi ta kallon ƙofa tana tambaya ko ka iso. Ni na yi ta ce mata kana hanya."

Na ce ta tashi ta ba ni wuri. Ta tashi. Zancen asibiti ba zan rubuta shi ba, kowa ya san aikin da na karɓa a Ntaja ba na bari ba ne, kuma ba wanda ya ce min abin ya kai haka.

Juma'a, da yamma

Wata yarinyarta ce ta kawo abincin yau.

Asabar, da sassafe

Na jingina tsani na hau, kafin kwanon ya ɗauki zafi. Dubawa kawai na je yi. Ƙusoshin sun yi tsatsa a kai amma sun riƙe gam. In aka ɓalle su ramukan za su yi faɗi, kuma kwanon da aka cire aka sake bugawa, duk ƙwarewar kafinta, sai ya yi yoyo. Jafali bai san wannan ba, shi dai ya ga abu yana sheƙi.

Daga sama ana ganin itatuwan can sosai. Ban daɗe ina kallon wajen ba.

Da zan sauko na tarar an riƙe min tsanin. Twaibu ne, ban ji zuwansa ba.

"A hankali, Baba, matakin nan ya tsage."

"Na sani, ni na yi shi."

Na sauko, bai saki tsanin ba. Ya ce, "Baba, in cirewa za ka yi, ka kira ni in taya ka saukewa. Wallahi ba zan riƙe ka a raina ba. Guminka ne."

Na ce ban nemi izininsa ba.

"Haka ne. Ni dai tun rasuwar nan ban yi barcin kirki ba. In Sigele ta yi tari sai gabana ya faɗi." Ya ɗan yi murmushi. "In Allah ya hore min kwano wata rana, da noti zan ɗaure shi, ba da ƙusa ba. Don ya yi saurin kwancewa."

Shekara tara ina kallon mutumin nan a matsayin malalaci. Yau na kalle shi na ga ni ne, sai dai shi ya gane da wuri. Na karɓi tsanina na kai bayan ɗaki.

Litinin, da azahar

Hadari ya taso ta wajen dutse, ya watse. Mata sun fara tsince shinkafar sadaka.

Talata, da hantsi

Ban je Liwonde ba. Da wa zan je?

Alhamis, bayan magariba

An yi. Bari in rubuta a jere, ko kaina ya daina juyawa.

Shehunai suka yi karatu, aka ci shinkafa da akuya, aka yi mata addu'a. Sannan aka shimfiɗa tabarmi gindin mangwaro, mai gari a kan kujera, mata a gefe guda, maza a gefe guda, ni a tsakiya. Tun ana addu'a na ga wata ƙaramar motar kaya ta tsaya a bakin fili. Jafali ne da samari biyu. Ko haƙurin a shafa fatiha ba su yi ba.

Che Mdoka ya miƙe. Ya iya magana, ba zan hana shi ba. Ya ce sun ari mutum daga Namwera yana saurayi, ya yi musu noma, ya haifa musu 'ya, ya yi musu makara da bencin masallaci, bai taɓa ɗaga wa 'yar'uwarsu hannu ba. Ya ce yau sun kwance shi, ba sa bin sa komai, ba ya bin su komai, sun gode. Sannan ya juya wajen mata.

"Ko 'ya'ya suna da magana?"

Sigele tana kallon tabarma. Na ƙirga numfashina ina jira. Wata tsohuwa ta taɓa ta da gwiwar hannu, ba ta ɗago ba. Tsuntsu ma da ya yi kuka a lokacin da na gode masa.

Sai muryar Jafali daga baya. "To tunda an gama, Kawu, bari mu fara kafin rana ta faɗi."

Na waiwaya. Samarin nan har sun ɗauko tsanina daga bayan ɗaki, sun jingina shi a bangon ɗakin kwananmu, daidai tagarta. Ɗaya ya sa ƙafa a matakin farko, guduma a ƙugunsa, yana taunar rake. Wata a cikin matan ta ce, yadda kowa zai ji, "Ga su nan, sun zo fige gidan Lukiya tun ƙasar kabarinta ba ta kwanta ba."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce wa yaron ya sauke ƙafarsa kafin in sauke masa ita. Na ce ba ƙusar da za a cire a gidan nan, yau ko gobe ko bayan raina. Na ce gidan nan da kwanonsa da ƙofofinsa da tagoginsa na ba 'yata Sigele, kyauta, yau, yanzu, kowa ya shaida.

Che Mdoka bai bari maganar ta taɓa ƙasa ba. "Mai gari, ka ji? Shehe, ka ji? Jama'a, kun ji?" Suka ce sun ji. Mata suka rangaɗa guɗa, a ranar sadakar mamaciya. Shaidun da na nema na rasa, yau ga su fiye da ɗari.

Ina komawa zaune na tuna da yarinyar Liwonde. Sharaɗin. Na buɗe baki, amma guɗa ta cika wurin, kuma wane namiji ne zai miƙe bayan an yi masa guɗa ya ce a tsaya, akwai saura?

Jafali ya zo ya durƙusa a gabana, da ladabinsa.

"Kawu, ka kyauta. Sai ka zauna wajen waɗanda ka yi wa. Bangon can zan rufe shi da ciyawa in zuba awaki. Zan gaya wa Inna ka yafe mu."

Motar ta tafi babu komai a bayanta. Sigele tana kuka, mata sun kewaye ta. Ban san kukan me take yi ba, kuma ban samu hanyar isa wajenta in tambaya ba.

Juma'a, da yamma

Che Mdoka ya zo da fara'a, har da ɗan sukari a leda.

"Alamu, jiya ka yi abin maza. Mun zauna, mun ce mutum irin wannan ba a barin sa ya tafi. Sigele ma ta ce a bar mata ubanta."

"Yau ta ce?"

"Yau da safe."

Na ce na gode. Na ce ɗakin baya ya ishe ni, su ɗauki biyun.

Ya gyara zama. "Ka san ba a haka. Mutumin da aka kwance ba ya kwana a ɗakin matar. Kuma ina ka taɓa ganin suruki da suruki a ƙarƙashin rufi ɗaya, suna jin tarin juna? Gidan na Sigele ne, da bakinka ka faɗa. Bukkar tana nan, kai da kanka ka gina ta, ka fi kowa sanin halinta."

Na nemi zagin da zan mayar masa kamar kullum, na rasa. Shi ma bai jira ba.

Asabar, bayan azahar

An yi musayar. Ba ta ɗauki lokaci ba, kayansu ba yawa, nawa sun fi nasu ƙaranci. Gadon ba ya shiga ƙofar bukka, na bar shi. Twaibu ne ya ɗauko min akwatin aiki a kansa, ya ajiye, ya tsaya yana murza hannu. Ya ce gobe zai yanko ciyawa mu gyara saman. Na ce to.

Yaran suna ta gudu daga ɗaki zuwa ɗaki suna ihu don su ji muryarsu tana dawowa. An buɗe ɗakin can, an ɗaga labule, an share. Ba ni na buɗe ba, kuma na ji sauƙin haka, kuma na ji haushin jin sauƙin.

Lahadi, bayan asuba

Wurin yana warin hayaƙi da fitsarin yara. Ina ganin sama ta wuri uku.

Lahadi, gab da magariba

Twaibu ya kawo ciyawa. Da muka ɗaga tsohuwar, sai muka ga gara ta cinye sandunan, dole a sake wasu. Na duba akwati ban ga babban zartona ba, sai na tuna yana rataye a bayan ƙofar falo, inda yake tun da aka yi ƙofar.

Na tafi ɗaukowa. Na hau barandar, hannuna har ya kai kan mariƙin ƙofa. Daga ciki na ji cokali yana bugun kwano, Sigele tana yi wa ƙaramar faɗa ta zauna ta ci. Na janye hannuna. Na koma baya taki ɗaya, na gyara hulata, na yi sallama.

 Sannan ta buɗe, tana goge hannu a zane, ta durƙusa.

"Maraba, Baba. Sannu da zuwa. Bari in ɗauko maka tabarma."

Ta shiga ta ɗauko sabuwar, wadda uwarta take ajiyewa don baƙi. Ta kakkaɓe ta da kyau, ta shimfiɗa min a waje.